Robar da Kawu Ya Rataye a Zaure

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidansa da ke unguwar Jambutu a Garwa, kuma ban taɓa ganin zaman makokin da liman ya sha tsawatar wa mutane saboda dariya kamar wannan ba. Mutum zai zo da jimami, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce “Allah yaafo mo” ko “Allah Ya jiƙansa”, gwargwadon harshen da ya fi masa sauƙi. Sai ya ɗaga kai ya hango wata tsohuwar robar tayar babur rataye a ƙusa a bangon zaure, ya juyo ya dube ni. Shi ke nan, sai ka ga kafaɗunsa suna rawa yana ƙoƙarin danne dariya.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Wani dillalin shanu ya zauna, ya ajiye shayinsa, ya ce, “Itacen da aka rufe ubana da shi, nasa ne. Wanda aka rufe matata da shi, nasa ne. Ko ruwan gidana bai taɓa yarda ya sha a kan haka ba.” Mai tuyar ƙosai ta bakin titi ta aiko a gaya mana cewa reshen da ya so ya faɗo wa kaskonta shi ya sauke mata, bayan ya sa ta kashe wuta ta koma can nesa tana ta mita. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta taso daga Marwa a motar safe. Da ta gama kukanta ta share ido, tambayar farko da ta yi mini ita ce, “Wai da gaske kai ka taɓa injin?”

Da gaske ne, ni na taɓa shi. Robar nan tawa ce, kuma saboda ita Kawu ya hana ni taɓa zartonsa na lantarki shekara goma sha huɗu cur. Na yi rubutun nan ne don jikokinsa su san wane ne shi, kada su tashi suna zaton labarinsa gaba ɗaya abin dariya ne. Amma ba zan iya ba da labarinsa ba sai na tona wa kaina asiri, don haka na haƙura.

Kawu makaniki ne a garejin wani kamfanin auduga. A shekarun da aka zaftare albashi aka yi ta sallamar ma'aikata, shi ma aka sallame shi. Abokansa wasu suka sayi babur na haya, wasu suka buɗe tebur a kasuwa. Shi kuwa sai ya roƙi wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa da ke zirga-zirga zuwa Yola ya taho masa da zarton yankan itace mai aiki da wutar lantarki. Dada, wato matarsa, ta ce masa, “A garin da kuran, wutar lantarkin nan, ke zuwa kamar baƙo, ka rasa abin saye sai mai jiran kuran?” Ya ce mai fetur ƙara gare shi, ga hayaƙi, shi kuma ƙirjinsa ba ya son hayaƙi. Garwa cike take da dalbejiya, kowace damina sai iska ta karya rassa a kan katangu, don haka aiki bai taɓa yanke masa ba.

Ranar da injin ya iso, a cikin kwali ya zo gunduwa-gunduwa, da takardar bayani cikin wani yaren Turawa da ko malamin makarantar unguwarmu bai gane ba. Kawu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, rabin unguwa ta taru. Ya ɗauko dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa, wanda tun daga ranar ya raɗa masa suna takobi, ya ɗora sarƙar, ya ɗaure notuna, ya zuba mai, ya yi bisimilla ya kafa wa wani gungume. Inji ya yi ta kuka, hayaƙi ya tashi, gungume ko gezau. Can sai maƙwabcinsa mahauci, wanda muke kira Baba, ya leƙo ya ce, “Malam injiniya, ni dai ban je lakwal na yi boko ba, amma ban taɓa yanka sa da bayan wuƙa ba. Haƙoran nan baya suke kallo.” Kawu ya duba, ya ga haka ne. Ya tashi ya je bango ya zare waya, ya dawo ya kwance komai ya juya sarƙar. Har ya bar duniya, duk ranar da zai haɗa injin in Baba na kusa sai ya ce, “Sarkin fawa, zo ka duba mini haƙora,” shi kuma ya taso da taƙama kamar wanda aka kira fada.

Bai taɓa barin injin ya kwana a haɗe ba. In an gama aiki sai ya kwance shi, ya goge dusar itace da tsohon buroshin haƙori, ya bi kwararon takobin da tsinke ya fitar da dattin da ya toshe hanyar mai, ya tsoma sarƙar a gwangwanin madara mai cike da mai. Kowace Alhamis yakan zauna da magagari yana wasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowane shafa uku, yana ƙirgawa a fili, kuma in ka yi masa sallama a lokacin sai ya kai ƙarshen sarƙar zai amsa. Baƙin man mota da kowa ke zubawa don sauƙi, shi bai yarda da shi ba, cewa yake, “Abin da mota ta ƙi, shi zan ba wanda ke ciyar da ni?” In ya ɗaure sarƙa yakan ja ta da yatsu biyu ya saki, in ta koma mazauninta da ɗan ƙara to ta yi, in ta yi lako-lako ya ƙara juya noti.

Shigar aikinsa kuwa ita ce abin kallon unguwa. Hular kwano ta masu babur, tabarau kamar na mai walda, safar hannu, takalmin but, da tsohuwar rigar garejinsa mai kama jiki, a cikin zafin Garwa na watan Afrilu da ko kaza ba ta fita rana. Babbar riga ba ta kusantar wurin aikinsa. Akwai ranar da liman ya matso da malum-malum yana son ya ga yadda ake yi, Kawu ya saki kunamar injin ya ce, “Allah gafarta malam, ko ka tuɓe ko ka koma gindin mangwaro.” Liman ya koma gindin mangwaro. Ba ya yanka ana ruwa, ba ya yanka a kan tsani da hannu ɗaya, waya kullum ta bayan kafaɗarsa take bi, kuma ba ya bari tsinin takobi ya taɓa itace, don a cewarsa nan ne injin ke yin harbi ya dawo wa mutum fuska. Amma dokar da ta fi kowace ita ce ta ɗaukewar wuta. Da zarar an ɗauke, kafin ya goge gumi, kafin ya amsa wa kowa magana, sai ya taka ya je bango ya zare waya. “Bai mutu ba,” in ji shi, “barci yake yi, kuma masu tashinsa ba sa yi mana sallama.”

Na ji wannan magana ta fi sau ɗari, amma ta kunne ɗaya take shiga ta fita ta ɗayan. A lokacin ni ba yaro ba ne, ina da mata, ina da rumfar gyaran babur, ina ji da kaina a harkar inji. Wata Juma'a da safe iska ta kayar da reshe a kan katangar gidan, Kawu kuma yana kwance da zazzaɓi. Na ce bari in hutar da shi. Na haɗa injin daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba, na fara yanka a tsakar gida. Masu ƙera shi sun sa wani ɗan maɓalli da sai ka danna shi da babban yatsa kafin kunamar ta motsa, kuma da ka saki injin ya tsaya. Bayan ɗan lokaci yatsana ya gaji. To, a Garwa mene ne ba a ɗaurewa da robar taya? Kaya a bayan babur, bakin famfo mai yoyo, ƙafar tabarau, duk ita ce maganinsu. Na zaro roba daga aljihu na naɗe maɓallin da kunamar gaba ɗaya, har ina yaba wa kaina cewa na fi Bature dabara.

Sai aka ɗauke wuta. Na ajiye injin a ƙasa kusa da kujerar tsugunon da Dada ke zaune a kai tana tsintar shinkafa, na tafi randa shan ruwa. Wata kaza ta sa kai a farantin shinkafar, Dada ta miƙe ta bi ta da tsintsiya. A daidai nan aka dawo da wuta. Injin ya yi ƙara ya zabura shi kaɗai a ƙasa, ya kama kujerar nan ya raba ta biyu, ya watsar da shinkafa, ya nufi turmi. Ni na daskare da moɗa a hannu. Kawu ne ya fito daga ɗaki da ɗan zane a ƙugu, da zazzaɓinsa, bai ko kalli injin ba, kai tsaye ya nufi bango ya fizge waya.

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya dubi Dada daga sama har ƙasa, ya ƙirga yatsun ƙafarta da ido. Sannan ya durƙusa ya warware robar a hankali, ya kai ta zaure ya rataye a ƙusa, ya ce, “Daga yau kai da shi sai kallo.” Dada ce ta yi faɗan da bai yi ba, kuma rabin faɗan a kan shinkafarta ne. Har gobe tana cewa kazar nan ce ta cece ta, shi ya sa ta hana a yanka ta har ta mutu don tsufa.

Tun daga ranar sunana ya koma Mai Roba, akwatin da ake ajiye injin kuma ya samu kwaɗo, makullin a aljihun Kawu. Duk baƙon da ya shigo zauren sai Kawu ya nuna masa ita, ya ba da labarin tun daga farko, yana kwaikwayon yadda na tsaya da moɗa baki buɗe. Duk inda za shi aiki sai ya aika a kira ni, amma aikina naɗe waya da riƙe igiya da korar jama'a. In zai haɗa injin sai ya ce in tsuguna a gabansa in zuba ido, kamar ban san noti ba. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Akwai shekarar da na yi wata biyar ban taka gidan ba. Mahaifiyata ta zo ta same shi ta ce, “Haba Yaya, mutum da 'ya'yansa uku, laifi ɗaya ba ya ƙarewa?” Ya ce, “Ai na yafe masa tun kafin a kwashe shinkafar. Yafiya daban, makulli daban.” Washegari ya zo rumfata da kansa, wai birkin kekensa ne ya lalace. Keken lafiyarsa ƙalau. Ya zauna ya sha shayina, da zai tafi ya ce gobe akwai aiki a bayan mayanka, in zo da wuri. Na je.

Abin da unguwa ta fi saninsa da shi shi ne itacen kabari, wato guntayen da ake jerawa a kan ramin ciki kafin a sa ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ya fara ne bayan wata jana'iza da aka bar gawa a rana ana jiran masu gatari. Daga nan duk dalbejiyar da ya sauke sai ya ware miƙaƙƙun rassan, ya auna da wata sandar awo da ya tanada, ya yanka su tsawo ɗaya, ya jera a lungun zaure. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya roƙo, zuwa yake ya ɗiba. In an ce “usoko”, wato an gode, sai ya ce a yi wa mamacin addu'a, shi bai mutu ba tukuna.

Nasa ma ya yanka ya ajiye, guda tara, a kan rufin ɗakin girki. Ranar da zai yanka su ya kwanta a tabarma ya ce Dada ta auna faɗin kafaɗarsa. Ta ce, “Wallahi ba da ni ba, tashi ka ba ni wuri,” ta jefe shi da mafici. Kayan tafiyata yake ce musu. Kowace shekara sai ya sauko da su ya duba ko gara ta taɓa, ya mayar. Kwana huɗu kafin rasuwarsa aka yi mutuwa uku a jere a unguwa, lungun zaure ya zama fayau. Sai ga wasu baƙi daga wajen Rai Buba, ɗan'uwansu ya rasu a asibiti, ba su san kowa a gari ba, wani ya kwatanta musu gidan. Kawu ya sa aka sauko da kayan tafiyarsa ya ba su. Dada ta ce, “Kai kuma fa?” Ya ce, “Ga reshe can a ƙofar gida na sa an sauke, ran Asabar zan yanka wasu. Ina zan je kafin Asabar?”

Ranar Alhamis da hantsi, yana zaune da magagari a hannu, ya ce kansa na juyawa. Kafin a samo mota ya cika.

Aka sa jana'iza bayan azahar. Ana cikin wanka sai wani ya tuna babu itace. Aka ce a aika wajen masu sayar da itacen girki a zaɓo masu ɗan dama-dama, ko a kira mai gatari. Ba laifi ba ne, da irinsu ake rufe mutane kullum. Amma zuciyata ta ƙi, mutumin da ya yi shekaru yana yanka wa kowa miƙaƙƙu a rufe shi da karkatattu. Ni kuma ba ni da ikon taɓa injin. Sai muryar Dada ta fito daga bayan labule, “Ba za a rufe shi da itacen tuwo ba. Ina Mai Roba?” Hannunta ya fito ta gefen labulen, da makullin akwatin a ciki.

Na tuɓe rigar da na sa don jana'iza, na sa ta garejinsa, ta kama ni a ciki. Na shimfiɗa tabarma na fito da guntayen. Shekara goma sha huɗu ban taɓa su ba, amma hannuna ya san inda kowane yake, saboda tsugunon dolen da na sha. Sarƙar da ya bari rabin wasawa na ƙarasa ta, shafa uku uku. Da na ɗora ta a kan takobi na ji bakina yana cewa, “Baba, zo ka duba mini haƙora.” Tsohon ya taso yana dogara sanda, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, hawaye na ɗiga a gemunsa, ya ce, “Gaba suke kallo.”

Wuta kuwa babu ita tun safe. Wani ya ce in jona wayar a bango mu bari, da ta zo mu sani. Na ce a'a, a kunna ƙwan zaure, shi zai gaya mana. Muka zauna, manya da rawuna, kowa ya ɗaga kai yana kallon ƙwai ɗaya, liman yana duba agogo. Wajen sha ɗaya da rabi ya haska, mutane suka yi kabbara. Na kori kowa zuwa gindin mangwaro, har liman, na ratsa waya ta bayan kafaɗa, na ɗauki sandar awo na fara. Ina tsakiyar na bakwai aka sake ɗaukewa. Na ajiye injin, gumi na shiga mini ido, ana ta yi mini magana ta ko'ina, ban amsa wa kowa ba sai da na taka na je bango na zare waya. Sai muka ji dariya daga bayan labule, dariyar Dada, wadda ta ƙare da kuka. Ana kiran salla wutar ta dawo, na ƙarasa sauran. Guda tara, kai ɗaya, suka zauna a bakin ramin babu wanda aka sake sassaƙawa.

Bayan addu'ar uku na shiga na durƙusa na miƙa wa Dada makulli. Ta ƙi karɓa. Ta ce, “Naka ne. Ya fi shekara goma da ce mini in ya riga ni, kai zan ba.” Na ce, “Ni, Dada? Duk unguwar nan ni ne na kusa raba ki da ƙafa.” Ta ce, “Shi ya sa. Cewa ya yi sauran labari kawai suka ji, kai kaɗai ka ga abin da injin nan zai iya yi.” Na ce to me ya hana shi gaya mini, ya bar ni ina cin rai shekara da shekaru? Ta gyara mayafinta ta ce, “Na tambaye shi. Ya ce ranar da ka san ya yarda da kai, ranar za ka saki jiki.”

Na fito zaure na zauna na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Allah Ka gafarta wa Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa inuwar da ya yi wa matattun mutane ta zama tasa, Ka ba Dada da mu haƙurin rashinsa. Lungun zaure ya sake cika, na yanka wasu makon jiya, duk mai bukata ya zo ya ɗiba. Robar tana nan a ƙusarta. Matata ta ce in cire ta tunda mai tsokanar ya tafi, na ce a bar ta. Yanzu in baƙo ya shigo ya tambaya, ni nake tashi in nuna masa yadda na tsaya da moɗa.